Saye ko riƙo: shawara ga mai son kawo kyanwa ko kare gidansa a Katsina

A farkon daminar bara, ɗiyata ta fari ta dawo daga islamiyya ɗauke da kwalin taliya, ta tsaya a zaure ta ƙi shigowa har sai da na fito. Da na leƙa cikin kwalin sai na ga 'yar kyanwa wadda ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ta jiƙe sharkaf, kwantsa ta liƙe mata idanu, tana buɗe baki amma kukan ba ya fita. A bayan wani shago kusa da Ƙofar Marusa ta tsince ta, inda wani ya ajiye su su uku a bakin kwata, biyun kuwa sun riga sun mutu. Ta dube ni ta ce, "Baba, don Allah kada ka ce in mayar da ita." A cikin watan nan ne kuma maƙwabcina ya sayi kyanwar Farisa daga hannun wani mai talla a intanet, aka aiko masa da ita a motar haya, fara fat mai dogon gashi kamar an baza auduga. Tun daga lokacin nake kallon dabbobin nan biyu suna tasowa, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma abin da na gani da idona tare da abin da na ji daga bakin likitan dabbobi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa wa mai shawarar kawo dabba gidansa yadda hanyoyin biyu suke, domin ya zaɓa yana sane da abin da ya ɗauko.

Hanyar farko ita ce saye, wato mutum ya ba da kuɗi ga wanda ke kiwon dabbobi don sayarwa, ko ga dillalin da ke tsakani, ya karɓi irin da ransa ke so. Hanya ta biyu ita ce riƙo, wato ya karɓi dabbar da ta riga ta zo duniya kuma ba ta da mai kula da ita, ko wadda mai ita ya kasa ci gaba da ɗawainiyarta. Na zaɓi kalmar riƙo ne da gangan, domin ita muke faɗa a kan yaron da ya tashi a hannun wanda ba shi ya haife shi ba, kuma duk Bahaushe ya san cewa riƙo amana ce da ba a ajiye ta don an gaji.

A ƙasashen Turai da Amurka, riƙon dabbobi yana da gidaje na musamman da suka daɗe suna aiki. A birnin Landan aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1824, wadda yau aka sani da RSPCA, sannan a 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan tara karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar da su, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, ya kuma fara karɓar kyanwoyi a 1883. A Amurka, Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a 1866. Aikin waɗannan gidaje shi ne su karɓi dabbar, likita ya duba ta, a yi mata allurar riga-kafi da maganin tsutsar ciki, a yi mata aikin tsayar da haihuwa, a lura da halinta na wani lokaci, sannan a miƙa ta ga wanda aka tambaye shi game da gidansa da iyalinsa aka gamsu. Kimanin karnuka da kyanwoyi miliyan 6 ne ke shiga irin waɗannan gidaje a Amurka duk shekara, kuma dubban ɗaruruwa daga cikinsu ana kashe su, wasu don rashin lafiya, wasu kuwa don kawai ba a samu mai ɗauka ba. Wannan ya sa hukumomi suka fara takura wa cinikin: tun 2020 dokar Ingila ta hana dillali sayar da ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwar da ba su kai wata 6 ba, sai dai a je wurin mai kiwon da kansa ko a karɓa daga gidan ceto, Faransa kuma ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi daga farkon 2024. Kada mai karatu ya ɗauka cewa tunanin na Turawa ne kaɗai, domin an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

A nan Katsina, abin da waɗancan gidaje ke yi a can, jama'a ne ke yin sa a tsakaninsu. Kyanwa, ko mussa kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, ba abar kai wa kasuwa ba ce a yadda muka taso. Idan ta gidan wani ta haihu, maƙwabta da dangi ne ke kama suna, wannan ya ce a bar masa mai jan baya, waccan ta ce ita baƙar take so. Mai shago da ya ga wata ta haihu a bayan buhuna yakan nemi mai ɗauka, mahauta sun san kyanwoyin da ke kewaya rumfunansu ɗaya bayan ɗaya, likitocin dabbobi kuma sau da yawa sun san gidan da ke neman rabuwa da dabba saboda tashi ko tafiya. Cinikin kyanwa da kare na ƙasashen waje shi ne baƙo a wurinmu, ya kuma yaɗu ne da yaɗuwar hotunansu a waya. Saboda haka idan na ce riƙo, ina nufin duk waɗannan ƙofofi, tun daga gidan ceto mai tsari ga wanda ya samu hanyarsa a manyan birane, har zuwa kwalin da yaro ya tsinto a bakin kwata, ko da yake, kamar yadda zan nuna, ba ɗaya suke ba wajen hatsari.

Abu na farko da ya kamata a auna shi ne lafiyar dabbar da dacewarta da garinmu, kuma a nan ne na ga bambanci mafi girma. Kyanwarmu ta gida gajeren gashi gare ta, jikinta ya saba da zafin bazara da ƙurar hunturu, ta san inuwar da za ta nema da rana da lungun da za ta shige da asuba. Kyanwar Farisa kuwa an daɗe ana zaɓen iyayenta don tsawon gashi da gajartar fuska, wannan gajartar kuma ita ke matse mata hanyar numfashi, ta sa hawaye na zuba kullum har ya ɓata mata gefen hanci. Akwai kuma wata cutar ƙoda ta gado da aka san irin da ita, inda ƙulle-ƙulle masu ruwa ke fitowa a ƙodar su yi ta girma har ta gaza aiki, kuma mai saye ba zai gane ba a ranar ciniki domin sai dabbar ta girma alamun ke bayyana. Gashin nan mai ɗaukar ido yana buƙatar taza kowace rana, idan aka yi sakaci na 'yan kwanaki sai ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, ƙuma da makero su samu maɓoya a ƙarƙashinsa. A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafi ya kai digiri 40 har ya ɗara kuma wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa, na shiga gidan maƙwabcin nawa na tarar da kyanwarsa kwance a kan simintin bayi, baki buɗe, harshe waje, haƙarƙari na sama da ƙasa. Kyanwa mai lafiya ba ta haki kamar kare, idan ta yi to tana cikin wahala. Sai da likita ya zo ya aske mata gashin nan da aka saye ta dominsa kafin ta samu sauƙi. A wannan rana tamu tana kwance a gindin randa, ta miƙe ƙafafu a kan yashi mai danshi tana barcinta.

Haka abin yake ga karnuka. Babban karen nan mai kaurin gashi da ake kawowa daga tsaunukan Kaukasas an yi kiwonsa ne don ƙasar ƙanƙara, ɗaure shi a tsakar gida a Katsina cikin watan Mayu azabtarwa ce ko da mai shi bai yi nufin haka ba. Karen Jamus, wanda aka fi nema don gadi, an san shi da matsalar gaɓar ƙugu ta gado, wadda ke sa shi ɗingishi tun bai tsufa ba. Babban dalilin cututtukan gado shi ne: idan ana son iri ya fito da kama ɗaya, sai an yi ta haɗa dangi da dangi, cutar da ke ɓoye a jinin kuwa sai ta samu hanyar fitowa. Karenmu na gida da kyanwarmu jininsu a gauraye yake, shi ya sa irin waɗannan cututtuka na gado suka yi musu sauƙi. Ban ce ba sa ciwo ba. Kaska da ƙazuwa da tsutsar ciki ba su san ɗan gida da baƙo ba.

Mai saye yakan ce shi aƙalla ya san asalin abin da ya saya, kuma da a ce kowane mai sayarwa mai gaskiya ne, da wannan hujja ce mai ƙarfi. Mai kiwo na ƙwarai zai nuna maka uwar, ya nuna maka inda take kwana, ya ba ka katin allura mai sa hannun likita, kuma ba zai raba ɗa da uwarsa ba kafin ya cika mako 8. Amma wanda ya ga hoto a waya ya tura kuɗi, aka sako masa dabba a bayan mota ta yi awoyi cikin zafi, bai san komai game da asalinta ba face abin da aka faɗa masa. Da yawa ana cire su daga nono tun suna mako huɗu ko biyar domin a wannan lokacin ne suka fi ban sha'awa a hoto, kuma a daidai wannan lokacin ne jikinsu bai da ƙarfin kare kansa. Akwai wata cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo, wadda ke kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki idan ba a yi masa riga-kafi ba, kuma wuraren da ake tara 'yan kwikwiyo daga gidaje daban-daban su ne inda ta fi yaɗuwa. Wanda ya sayi irin wannan ya biya kuɗi mai yawa a kan rashin sani ɗaya da na wanda ya tsinta a titi.

Yanzu kuma ga inda riƙo ke da rauni, kuma ba zan sassauta shi ba domin magana ce ta rai. Dabbar da aka tsinta a waje ba a san abin da ya cije ta jiya ba, cutar haukan kare kuwa tana nan a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk wanda ya kamu daga kare ya samo ta, ko da yake kyanwa ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Wannan ya sa ranar da ɗiyata ta kawo kwalin nan, kafin in ce mata komai game da kyanwar sai da na duba hannayenta gaba da baya ko akwai yaƙushi, na kuma gaya mata cewa nan gaba idan ta ga irin wannan ta zo ta kira babba. Dabbar da ke zubar da miyau, ko tana kai cizo ba dalili, ko ƙafafunta na baya sun saki, ko tana tafiya kamar ba ta san inda take ba, ba ta ɗauka ba ce. A nisanta yara daga gare ta a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Idan kuma an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don fara allura, ita kuma dabbar a killace ta a sa mata ido kwana 10 idan hakan zai yiwu ba tare da wani ya shiga hatsari ba.

Wannan hatsari yana da magani, shi ya sa bai isa ya rufe ƙofar riƙo ba. Ana yi wa kare da kyanwa allurar cutar tun suna wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu sarrafa irin wannan allura a Najeriya. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri riga-kafi, cutar tana daina zagayawa a tsakaninsu. Ke nan duk karen da ya bar yawon bola ya shiga hannun wanda zai kai shi allura, kariya ce ga yaran unguwa gaba ɗaya. Dabbar da aka saya ma ba ta tsira daga wannan allura ba, domin tsadarta ba ta hana wani kare cizonta idan ta leƙa waje.

Washegarin ranar da aka kawo tamu muka kai ta asibitin dabbobi. Likitan ya goge mata idanu da auduga, ya buɗe bakinta ya duba haƙora ya ce ba ta wuce mako biyar ba, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, abu biyu nake roƙonka. Kada a ba ta nonon shanu ko madarar shayi, gudawa za ta sa ta. Kuma ko zazzaɓi kuka ga tana yi, kada wanda ya ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta." Ya ce mu ware mata ɗaki ita kaɗai na mako biyu, yara su riƙa wanke hannu bayan sun taɓa ta, ya kuma rubuta mana ranakun maganin tsutsa da na allura. Wannan ɗawainiya ta makonnin farko ita ce ainihin farashin tsintuwa, wanda ba zai iya ta ba gara ya nemi dabba daga gidan da ya sani.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da dabba za ta ci a tsawon rayuwarta, amma a kan irin ƙasashen waje yakan kai abin da zai isa a yi wa ta gida allura da magani na shekaru. Bayan saye kuma sai abincin leda ko na gwangwani da aka saba mata da shi, da sabulun wanka, da aski, da yawan zuwa asibiti. Riƙo ma ba kyauta ba ne. Kyanwa maciyiyar nama ce, tuwo da shinkafa kaɗai ba sa riƙe ta, rashin nama na dogon lokaci yana taɓa mata ido da zuciya, saboda haka sai an tanadi kifi ko kayan ciki daga wurin mahauta a dafa mata, ba tare da albasa ko tafarnuwa ba domin suna lalata mata jini.

Wajen hali kuwa, mutane sukan ɗauka cewa ƙaramar dabba ta fi, alhali babba tana da wata fa'ida da ƙarama ba ta da ita: halinta ya riga ya bayyana. Idan iyali za su tashi daga gari suka nemi mai karɓar kyanwarsu mai shekara biyu, za ka iya tambayarsu ko tana haƙuri da yara, ko ta san wurin bayan gidanta, ko tana taɓa 'yan tsaki, su ba ka amsa daga abin da suka gani. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce a gidajenmu da ba a rasa kaji ko tantabaru, domin muzuru ɗaya ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa. A wurina, irin wannan dabba ita ce mafi alherin abin da mai riƙo zai samu, ita ce kuma aka fi ƙi saboda kowa ƙarama yake so. Sai dai a bambanta ta da kyanwar da ta girma a bola ba ta taɓa sanin hannun mutum ba. Sabawar kyanwa da mutane tana kafuwa ne tsakanin mako 2 zuwa 7 na rayuwarta, wadda ta wuce wannan lokaci a daji da wuya ta zama kyanwar Lami, kulle ta a ɗaki wahala ce gare ta da masu gidan. Taimakon irin wannan shi ne a ajiye mata ruwa da abinci a inda ta saba, a nemi likita ya yi mata allura idan an samu dama.

Ga Musulmi akwai wani ma'auni da ya wuce duk waɗannan. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, mun san na mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishirwa ruwa a cikin huffinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. An kuma ruwaito hani game da cin kuɗin kare da na kyanwa, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan fassararsa, mafi yawansu sun halatta sayar da kyanwa, wasu kuma sun hana. Mai riƙo ya fita daga wannan saɓani gaba ɗaya, ga kuma ladan ceton rai. Game da kare, shari'a ta yi izinin ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Wanda ke son kare don ado kawai, ya fara zama da malaminsa kafin ya je wurin mai sayarwa ko mai bayarwa.

Akwai kuma amfanin da ya wuce gidan mai riƙo. Cikin kyanwa mako 9 ne, takan haifi uku zuwa biyar, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yanta mata kuma suna iya ɗaukar ciki tun suna wata biyar ko shida. Wannan lissafi shi ke kai kwali bakin kwata. Duk wanda ya saya ya ƙarfafa wa mai kiwo gwiwa ya ƙara haɗa wasu, alhali ga waɗanda aka riga aka haifa suna mutuwa a lungu. Mai riƙo ya kamata ya yi shawara da likita a kan aikin tsayar da haihuwa, wanda ke rage wa muzuru yawo da faɗa da fitsari a bango, ya kuma hutar da macen. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hukuncin aikin ba ya tambayi malami, amma kada ya bar ta ta yi ta haihuwa yana zubarwa. Kyanwar gida kuma ma'aikaciya ce. Kasancewarta kaɗai yana rage ɓeraye a rumbu da ɗakin ajiya, ɓera kuwa bayan ɓarnar hatsi, wani irinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Kyanwa ba ta maye gurbin rufe abinci da tsabtar gida, amma taimako ce.

Duk da haka akwai inda saye ke da hujja. Maharbi ko makiyayi da ke neman karen aiki yana buƙatar sanin yadda iyayen ke gudu da yadda suke tsayawa a kan garke, wanda kuma ke son karen gadi mai horo yana da dalilin zuwa wurin wanda ya ƙware a kiwonsu. Idan za a saya, a je da ƙafa a ga uwar da wurin kwananta, a ƙi karɓar wanda bai cika mako 8 ba, a nemi katin allura a kuma tuntuɓi likitan da ya sa hannu, kada a tura ko sisi kafin a gani da ido. A tambayi kai kuma ko akwai inuwa da fili da ruwan da dabbar za ta rayu da su a watannin zafi.

Akwai kuma wanda bai kamata ya bi ko ɗaya daga hanyoyin ba a halin da yake ciki. Kyanwa tana kai shekara 12 zuwa 15, wasu su wuce, kare ma yakan haura 10. Ɗalibin da zai tafi bautar ƙasa baɗi, da mai zaman haya a gidan da ake tarayya da tsakar gida ba tare da yardar sauran ba, da gidan da ke da mai ciwon asma da gashin dabba ke tayar masa, duk gara su dakata. Gidan da ke da mai juna biyu zai iya ajiye kyanwa, amma wani ne zai riƙa kwashe kashinta, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya cutar da abin da ke ciki.

Idan aka tambaye ni, ga mai son kyanwar gida a Katsina riƙo ya fi saye ta kusan kowace fuska, kuma a cikin riƙon na fi son a fara da gidan da aka sani, ko babba mai sanannen hali ko ƙarama da ta cika wata biyu a jikin uwarta, sai wadda ta biyo ta hannun likitan dabbobi ko gidan ceto, sai a ƙarshe tsintuwar titi ga wanda zai iya kai ta asibiti nan take ya kuma killace ta. Ga mai neman kare da dalilin da shari'a ta yarda da shi, ɗan kwikwiyon gida daga uwar da aka san halinta zai yi gadi, ya jure rana, ya kuma ci abin da gidan ke iyawa.

Maƙwabcina bai yar da kyanwarsa ba, yana taje ta kullum bayan la'asar, ya kuma sayo mata fanka mai caji, na kuwa yaba masa a kan haka. Amma ɓeraye sun dame shi a ɗakin da yake ajiye gero, ita kuma ba ta bi ta kansu. Makon jiya na raka shi gidan gwaggona a Rafin Daɗi, inda kyanwarta ta haifi huɗu a cikin tsohon kwando a bayan ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna wata mai ratsin toka ya ce, "Gwaggo, wannan nake roƙo." Ta ƙirga kwanaki a yatsunta ta ce, "Na ba ka, ɗana, amma saura mako uku ta bar nono. Ka dawo ranar da kwandonka, kuma daga nan asibiti za ka fara kai ta kafin gida."